Timoti Isaiah, Lauyan da Ya Ƙi Tambayar Uwa Sunan Ɗanta

Daga Allah muka fito, kuma gare shi kowa zai koma, ko da wace riga ya yi zamansa a duniya. Ranar Talata, sha biyu ga watan Mayu, 1981, da la'asar, Allah ya karɓi ran Barista Timoti Isaiah, Atoni-Janar kuma Kwamishinan Shari'a na jiharmu, a gidansa da ke Jekadafari cikin garin Gombe. Ina zaune a ƙofar gidana a Bagadaza, hadari ya haɗo ta gabas ya ƙi zubarwa, sai ga babban ɗansa Noah a kan babur. Ko sauka bai yi ba. Ya ce, "Baba Babayo, abokinka ya tafi."

Washegari rediyo ta ce jiha ta yi rashin gwarzo. Na saurara har ƙarshe. Waɗanda suka rubuta wa rediyo wannan yabo su ne suka hana mutumin nan sakat wata da watanni, kuma ni na san su, su ma sun san na san su. Shi ya sa na ɗauki alƙalami, duk da na daɗe da rantsuwa cewa na bar rubutu a kan al'amuran ƙasar nan.

Timoti, ka tafi ka bar shari'a ɗaya a gaban babbar kotu, shari'ar wani matashi makiyayi da aka harbe a Gabukka. Tun gawarka ba ta yi sanyi ba aka fara neman yadda za a binne shari'ar tare da kai. Ba zan iya yi maka ta'aziyya in tsallake ta ba, domin ita ce ƙarshen siyasarka, kuma a ganina ita ce ta ci ka.

Na san ka tun muna makarantar midil, zamanin Turawa. Ka zo daga wani ƙauye a gindin duwatsun Kaltungo, ɗan mai bishara, da akwatin katako da Baibul na Hausa. Ni kuwa ɗan Bafillatanin da ya rabu da shanu ya zauna gari. A makon farko na zage ka da Fillanci a bakin rijiya, ina zaton ba ka ji. Ka ajiye guga, ka mayar mini da wanda ya fi nawa, da irin Fillancin ruga wanda ni ɗan gari ban iya ba. Ashe tun kana ƙarami kake kora awakin babanka tare da 'ya'yan Fulanin da ke sauka a gonarku bayan girbi. Ka sha nononsu, ka sha sandarsu, ka san abin da suke faɗa da abin da ba sa faɗa.

A aji ni nake zuwa na ɗaya, kai na biyu ko na uku. Shi ya sa har ka bar duniya "Na Ɗaya" kake ce mini, ni kuma ina ce maka "Ɗan Mishan". Na ɗayan ya ƙare a magatakardan kotu. Kai ka wuce Zariya, ka wuce Ingila, ka dawo da baƙar riga da hular lauyoyi ƙasa ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba.

Ka tsaya takara a zaɓen farko bayan dawowarka, a jam'iyyar da ko mota ba ta da ita. A bakin tasha 'yan banga suka fasa maka kai da gora, ka kuma sha kaye. Kwana kaɗan sai ga ka a kotu za ka kare wasu manoma, an naɗe maka kai da bandeji har kunne. Ka leƙo teburina ka ce, "Na Ɗaya, ba ka zo gaisuwa ba? Ni ma an naɗa ni." Ban taɓa ganin wanda ya iya dariya da ciwo kamarka ba.

Shekarar da ƙasa ta rikice aka riƙa farautar mutane saboda yarensu, wani kafinta Inyamuri da matarsa da 'ya'yansu sun kwana a silin ɗin ɗakinka har aka sami jirgin da ya fitar da su. Kai kuwa ka sa kujera a ƙofar gida kana karatun jarida, duk wanda ya zo wucewa da adda sai ka gaishe shi da sunan ubansa. Ba ka taɓa ba da labarin nan a kan dandamali ba, ko da yake da ya jawo maka ƙuri'a.

Da sojoji suka raba ƙasa jiha-jiha suka kira ka kwamishina, ka amsa. Sai kuɗin mai ya zo. Na ga mutanen da ba su taɓa ɗora bulo a kan bulo ba sun wayi gari 'yan kwangila. Na ga an buɗe hanyar da ba a yi ba, an tafa. Ba ka ci ba, wannan na shaida, gidanka na Jekadafari da ka gina da aikin lauya shi ne dai gidanka har yau. Amma ka yi shiru a wurare da dama da na so in ji muryarka, kuma na faɗa maka haka kana raye, don haka ba gulmar mamaci nake yi ba.

Ranar da aka kira sunana a rediyo cikin waɗanda aka kora daga aiki, ba tuhuma ba bincike, na gane yawan abokaina. Mutanen da na cika wa takardu shekara da shekaru suka riƙa sauya hanya in sun hango ni. A lokacin ka riga ka bar kwamishina ka koma aikin lauya, amma kowa a Gombe ya san motarka. Da rana tsaka ka faka ta a ƙofar gidana. Na ce a shimfiɗa maka a zaure, ka ce, "A'a, a nan waje nake so. A kawo tabarma, a dama mini fura." Ka zauna a bakin hanya har masu zuwa azahar suka wuce, masu zuwa la'asar suka wuce, kowa ya gan ka. Ba ka ce mini in yi haƙuri ba. Hirar malaminmu na lissafi muka yi. Ban manta ba, Timoti.

Da aka ɗage takunkumin siyasa muka ɓata. Ka shiga babbar jam'iyya, na gan ka a bayan motar yaƙin neman zaɓe kafaɗa da kafaɗa da mutumin da ya aiko a fasa maka kai. Na ce maka ba a ba kura ajiyar nama, kuma wanda ya shiga raminta ba ya fitowa da ƙanshin turare. Ka ce, "In duk muka tsaya a waje muna tofar da yawu, wa zai riƙe ƙofa daga ciki?" Na ce wannan maganar masu neman kujera ce. Ka tashi ka tafi. Jam'iyyarku ta ci, aka naɗa ka Atoni-Janar, ban je murna ba, muka yi fiye da shekara ko gaisuwa sai ta hannu.

Ga wanda bai san aikin kotu ba, bari in faɗi abin da ke cikin wannan kujera. Tsarin mulki ya ba mai riƙe da ita ikon janye kowace shari'ar laifi kafin a yanke hukunci. Takarda ce gajeriya, ya sa hannu, a miƙa wa alƙali, wanda ake tuhuma ya kaɗe rigarsa ya tafi gida. Alƙali ba ya tambayar dalili. An yi ikon don a ceci wanda aka zalunta da ƙara. Na yi shekaru a kotu, na ga abin da aka fi yi da shi.

A gefen Gabukka akwai tsohon burtali, hanyar shanu da Fulani ke bi zuwa ruwa tun kafin gari ya iso wurin. Wani babban ɗan kwangila, ɗaya daga cikin masu ɗaukar nauyin jam'iyya, ya sami fili a nan ya ja waya ta ratsa burtalin. Ba zan kama sunansa ba tunda magana tana gaban kotu. Wata safiya wani saurayi ya koro shanu ta inda ya saba, ya tarar da waya, ya ɗaga ta. Aka yi ka-ce-na-ce, bindigar farauta ta tashi. Wanda ake tuhuma da harbin ƙanin ɗan kwangilar ne. Mahaifiyar saurayin, Adda Jumma, mai tallan nono a Jekadafari, tana tafe a bayan garken da ƙwarya a kai. A gabanta aka yi.

Dangin saurayin suka yi abin da Musulmi ke yi, suka binne shi kafin azahar, likita bai ga gawa ba. Mahaifinsa ya daɗe da rasuwa. Baffanninsa kuwa, bayan an kai musu ziyarar da ba su so ba, suka kaɗa shanu suka gangara wajen Binuwai tun rani bai yi nisa ba. Aka bar Adda Jumma da ƙananan 'ya'ya da 'yan shanun tatsa. Ita ce shaidar gani da ido, kuma ita kaɗai ta rage da za ta ce wa kotu wane ne ya mutu.

Ina cikin kotu ranar da aka kira ta, don har yanzu ƙafata takan kai ni can in zauna a bencin baya. Ofishinka ya turo wata matashiyar lauya, Edna, haziƙa ce, amma a birni ta tashi, a makarantar kwana ta girma. Ta fara da tambayar da littafi ya ce a fara da ita. Ta ce, "Mene ne sunan ɗanki da ya mutu?"

Adda Jumma ta sunkuyar da kai. Ta ce, "Yayan Sambo."

Edna ta ce ba laƙabi take so ba, sunan yanka. Adda ta ja gyale ta rufe baki. Aka sake tambaya, aka sake. Duk Bafillatanin da ke zauren ya ji kamar an tuɓe shi. Saurayin ɗan farinta ne. Bafillatana ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta nuna tana sonsa, ba ta yi masa kuka a gaban jama'a. Tun ranar suna har ranar da aka harbe shi bakinta bai taɓa furta sunan ba, sai ta kewaya ta kira shi da sunan ƙaninsa. Wannan kunya ita ce ƙaunarta. Tafinta ya so ya yi bayani, alƙali, baƙo ne a ƙasar nan, ya ce aikin tafinta fassara ne ba shaida ba.

Lauyan wanda ake tuhuma, wani gogagge da aka ɗauko daga nesa, ya miƙe yana murmushi. Ya ce ga uwa ba ta san sunan ɗanta ba, ga ido ba hawaye, babu gawa, babu takardar likita, to wa ma ya ce an yi wani mutum da ya mutu? Magoya bayansu suka yi dariya. Aka rubuta cewa shaida ta kasa faɗin sunan mamaci. Daga wannan layi guda aka fara zuwa wurinka: shari'a ta mutu, ka sa hannu a janye ta, kowa ya huta.

Sai ga ka a ƙofar gidana da hantsi, kamar ba mu taɓa ɓatawa ba. Ka ce, "Na Ɗaya, sa hularka ka raka ni ruga."

Ka bar mota nesa, ka tuɓe takalmi kafin mu isa bukka. Atoni-Janar na jiha ya tsuguna a ƙasa cikin kashin shanu, ya yi doguwar gaisuwa da Fillanci, ya tambayi shanu, ya tambayi ruwa. Ta zauna a karkace ba ta dube ka ba.

Ka ce, "Adda, an yi miki tambayar da ba a yi wa uwa. Daga ofishina aka yi ta. Na zo in ba ki haƙuri."

Ta ce, "Lauya, ita yarinya ce, ba ta sani ba. Manyan da suka yi dariya fa, su ma ba su sani ba?"

Can ka ce, "Ni ba zan tambaye ki sunan ba, kuma muddin ina kan kujerar nan ba zan bari a matsa miki ba. Ke ki faɗi abin da idonki ya gani. Sunan kuwa baffanninsa su faɗa, su ne suka binne shi. Yaushe za su dawo?"

Ta ce, "Sai ruwa ya sauka."

Ka ce, "To, za mu jira ruwa."

A hanyar komawa na ce maka kalma ɗaya ce fa, ka lallashe ta ta faɗa a wuce wurin, jiran damina wasa da wuta ne. Ka tsaya ka dube ni. Ka ce, "An karɓe mata ɗa, Na Ɗaya. Kunyar ce ta rage mata. Ita ma gwamnati za ta karɓe?"

Ka sa baƙar rigarka da kanka, ka zo Gombe ka karɓi shari'ar daga hannun Edna ba tare da ka wulaƙanta ta ba, ka zaunar da ita kusa da kai. Ka nemi a ɗage zama har farkon damina, kuma a sake kiran shaida. Aka ba ka da ƙyar. Daga ranar ba ka sake samun kwanciyar hankali ba.

Uwargidanka Hilda ta ce ta gaji da dafa shayin baƙi. Manyan jam'iyya suka riƙa zuwa ayari-ayari. Da farko da fara'a, ana ambaton kujerar majalisar dattawa a zaɓe mai zuwa. Ina zaune a falonka wani daga cikinsu ya ce, "Barista, alƙalami ne fa kawai. Bafillatanar nan ko katin zaɓe ba ta da shi."

Ka ce, "Alhaji, wanda aka harbe ma ba shi da shi. Shi ya sa aka ajiye ni."

Da fara'a ta ƙi ci sai aka sauya murya. A majalisun gari aka baza cewa ɗan mishan ne ke son ya tozarta babban Musulmi, kamar wanda ke kwance a kabari ba Musulmi ba ne. Abin da ya fi ƙona maka rai kuwa daga gida ya zo. Dattawan ƙauyenku suka yi mota guda suka same ka. Suka ce shanun Fulani sun sha cinye musu dawa, ba ka taɓa sa riga ka je kotu ba, yau kuma za ka zubar da kujerar da suka daɗe suna jira ɗansu ya hau saboda makiyayi. Ba ƙarya suka yi ba game da dawar, ka sani. Ka ce su kawo ƙara za ka sa rigar. Suka tashi ba su ci abincin Hilda ba.

Haka ka yi rani kana duban sama. In mun zauna a ƙofar gidanka da yamma sai in ga kana kallon gabas kamar manomin da ya yi binne. Ka rame. Ka fara riƙe ƙeya. Likita ya ce jininka ya hau, ka huta, ka ce bayan damina.

Ruwa ya sauka. Garke-garke suka fara haurowa daga kudu, amma ban da na baffannin. Labari ya zo cewa sun bi ta wata hanya can gabas, ba za su biyo ta Gombe ba bana. Burtalinsu a rufe yake, kuma an aika musu da saƙon da ya ishe su. Ranar Litinin aka kira ka babban birnin jiha, aka zaunar da kai aka ce kafin ranar zaman kotu ko ka sa hannu ko ka ajiye aiki. Talata ka dawo gida. Hilda ta ce ka zauna a kujerarka ba ka cire takalmi ba, ta tambaye ka yaya aka yi, ka ce, "Ban sa ba, kuma ban ajiye ba. Su kore ni a rediyo kamar Na Ɗaya." Ka nemi ruwa. Kafin ta kawo ka kife.

Ana ta raɗe-raɗin sammu da guba. Ni ban yarda ba. Likita ya ce zuciya ce, kuma na gaskata shi. Mutanen nan ba sa bukatar guba.

Ban san abin da za ka yi ba da ka kai ranar. Babu baffanni, babu gawa, ga alkawarin da ka yi wa matar a tsugune. Na sha juya abin a raina ban samo maka mafita ba. Wataƙila kai ma ba ka samo ba.

Ba a kai ga binne ka ba aka ce Barista Aƙilu, kwamishinan wata ma'aikata, ya riƙe kujerarka. Ƙaninmu ne a makaranta, mutum mai laushin magana wanda ban taɓa jin ya ce a'a ba. Kowa a garin nan ya ji cewa an riga an buga takardar janyewa, hannu kawai take jira, kuma dalilin da za a faɗa wa jama'a shi ne babu shaidar da ta iya faɗin wanda ya mutu.

Bayan an dawo daga binne ka a ƙauye aka yi zaman makoki a Jekadafari. An kafa rumfa a ƙofar gida, matan zumunta na coci suna waƙa a hankali, limamai da fastoci a benci ɗaya, har da 'yan rediyo da na'urarsu. Wajen hantsi ayarin gwamnati ya iso. Aƙilu ya miƙe ya yi jawabi, ya ce za su ɗora daga inda ka tsaya. Alhajin nan mai maganar katin zaɓe yana gefensa yana share ido da hannun riga. Na ji kamar in tashi in tafi.

Sai ga Adda Jumma da ƙwarya a kai, an rufe da faifai. Ba ta bi ta ƙofar mata ba. Ta ratso ta tsakiyar maza, abin da ban taɓa ganin Bafillatanar ruga ta yi ba, ta sauke ƙwaryar a gaban Hilda, ta durƙusa ta yi mata gaisuwa. Sannan ta juyo a durƙushe ta ce da Hausarta mai nauyi, "Wane ne ya gaji Lauya?"

Wani ɗan sanda ya matso zai janye ta. Hilda ta ɗaga hannu ta ce, "Gidana ne. Ƙyale ta." Ta nuna mata Aƙilu.

Adda ba ta dubi fuskarsa ba, ƙasa take kallo. Ta ce, "Lauya ya ce ba zai tambaye ni ba, kuma bai tambaye ni ba har ya mutu. An ce mini za a saki mai bindiga don ban faɗi suna ba."

Waƙa ta tsaya. Ba ka jin komai sai kukan kwano da rana ta dake shi. Na ga ta buɗe baki ta rufe, ta sake buɗewa.

Ta ce, "Bakari. Sunansa Bakari. Ni na haife shi, shi ne na fari. Na ga wanda ya harbe shi."

Wani tsohon Bafillatani da ke kusa da ni ya kifa fuskarsa a tafin hannu. Hilda ta tashi ta kwance mayafinta ta lulluɓe matar gaba ɗaya, ta rungume ta, sai a sannan muka ji kukan da kotu ta ce babu. Hilda ta ɗago kai, matar da ta binne mijinta jiya, ta ce, "Kwamishina, ka ji, ko a sa ta maimaita?"

Aƙilu ya dubi na damansa, ya dubi na'urar 'yan rediyo, ya dubi limamai da fastoci. Ya ce, "Na ji, Madam."

Ba su jira addu'ar tashi ba.

Ranar zaman kotu na je tun ba a buɗe ƙofa ba. Na san yadda takardar janyewa take zuwa, masinja ne ke shigowa da farin ambulan ya miƙa wa lauyan gwamnati, don haka ƙofa na riƙa kallo. Aka kira shari'a. Edna ta miƙe, ta dubi ƙofar ita ma. Ba wanda ya shigo. Ta ce gwamnati a shirye take. Aka kira Adda Jumma. Edna ta yi mata tambayoyi irin yadda ka koya mata, ta kewaye sunan ba ta taɓa shi ba. Gogaggen lauya ya miƙe, tambayarsa ta farko ita ce wadda kowa ya sani. Adda ta faɗa, karo na biyu a rayuwarta. Wannan karon ba wanda ya yi dariya, kuma an rubuta.

Ba a yanke hukunci ba tukuna. Ban san yadda zai kasance ba, na daina yi wa ƙasar nan duba, kuma ikon janyewa yana nan har ranar hukunci. Shi ya sa na rubuta abin da aka faɗa a ƙarƙashin rumfar nan baƙi a kan fari, domin wanda ya ce ya ji kada ya wayi gari ya ce bai ji ba.

Shari'arka tana raye, Timoti, amma an biya abin da ka ce ba za a biya ba. Tun ranar Adda Jumma ba ta sake shigowa Jekadafari da nono ba. Na ji wasu matan ruga suna cewa ta zubar da pulaku, kunyar Fulani, a gaban maza. Kai kaɗai ne a duk gwamnatin nan ka san nauyin abin da ta ɗauka, kuma ba ka nan balle ka sake tuɓe takalmi ka je ka ba ta haƙuri. Na je a madadinka. Na tsuguna inda ka tsuguna, amma Fillancina na gari ne, ban san ko ya isar ba.

Na ce maka wanda ya shiga ramin kura ba ya fitowa da ƙanshi. Har yanzu ina kan bakana game da ramin. Amma ka ce wani zai riƙe ƙofa daga ciki, kuma na ga ka riƙe har ta karya ka.

Addininmu ba ɗaya ba ne, ka sani na sani, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba. Na miƙa ka ga Wanda ya halicce mu duka, Alƙalin da ba a kai masa takardar janyewa. Ya dubi kafintan da ka ɓoye, ya dubi tabarmar ƙofar gidana, ya dubi matar da ka ƙi kunyatawa, ya yi maka da tausayinsa.

Ina miƙa ta'aziyyata ga uwargida Hilda, Allah ya ba ki haƙuri, ya saka miki da mayafin nan. Ga Noah da Selina da Elizabet, Allah ya raya ku, ya sa ku gaji taurin kan ubanku. Ga dattawan ƙauyensu da suka tashi ba su ci abinci ba, ɗanku bai kunyata ku ba. Ga Edna, Allah ya ƙarfafa ƙafafunki har ranar hukunci.

Ga Adda Jumma kuwa, Allah ya sanyaya zuciyarki, ya sa kada a sake tambayarki. Allah ya jiƙan yayan Sambo, ya haskaka kabarinsa. Amin.

Malam Babayo
Bagadaza, Gombe